Gadon Da Ba Ya Fita Ƙofa

A bakin layin da muke zaune a nan Rabah akwai shagon kafintoci, kuma tun hantsi nake jin su. Ba ƙarar da na sani ba ce. Janareto ne yake fara tashi, sai wani inji ya kama kuka, sai wata 'yar bindiga da suke harba ƙusa da ita, tas, tas, tas. Ranar da na fara jin ta na saki kwanon da ke hannuna na nemi jikin bango. Yanzu na saba. In na leƙa ƙofar gida ina ganin abin da suke fitarwa rana ya bushe: gadaje masu faɗi, farare da masu ruwan toka, an lulluɓe kawunansu da leda mai sheƙi an danna mata maɓallai. Matar ɗana tana da irinsu. A waya ta ga hoton, ta nuna, aka yi mata. Ba itace ba ne, garin katako ne aka matse da gam, ruwan wanki ya taɓa gindinsa sau ɗaya ya kumbura kamar burodi a cikin shayi. Ni a ƙasa nake kwana, a kan katifa, kuma tun da muka baro ƙauyenmu na bayan Shinaka abu ɗaya kawai na roƙi ɗana: a je a ɗauko mini gadona.

A can dauri, ina budurwa, ban san itace yana da daraja ba in ba a murhu ba. Abin da na sani littattafai. A Goronyo na yi firamare, a hannun Gwaggo, yayar babana, kuma a unguwarta na fara cin karo da 'yan littattafan soyayyar nan da ake kawowa daga Sakkwato, masu siririn bango, waɗanda hannuwa suke cinye gefensu kafin su iso gare mu. Aro muke karɓa, mu soke a ƙugu, mu karanta a gindin murhu har tuwo ya kama. Wani ma shafin ƙarshensa ya ɓace, sai mu ƙarasa labarin da bakinmu a hanyar rijiya. Kuma duk wanda na samu cikakke, a ɗaki yake ƙarewa. A kai amarya wani ɗaki mai labule har ƙasa, a zaunar da ita a bakin gado ɗan fomeka, mai madubi a kai, mai jar fitila, wani har da rediyo a jikinsa, ango ya shigo ƙamshinsa ya riga shi sallama. Na haddace ɗakin nan kamar na taɓa share shi. Ina daka ina jera shi a kaina, ina surfe ina canza masa labule. Taɓarya tana sauka a turmi, ni ina can ina kallon fuskata a madubin gadon da ban mallaka ba.

Wanda na so, kuma aka ba ni, bai yi kama da samarin littafi ba. Manomin albasa ne daga ƙauyenmu, dogo, mai wushirya, in ya zo zance sai ya tsaya yana ba ni labarin ruwan fadama. Bai taɓa ce mini tauraruwa ba. Rake yake kawo mini, ya fere shi da wuƙarsa, ya miƙo yana kallon wani wuri. Na yafe masa kalaman, amma na ƙudura a raina cewa ɗakin dai sai na same shi. Da aka sa rana, Baba ya damƙa wa Gwaggo sayen kayan ɗaki, sai na same ta tana tsinkar zogale na faɗa mata irin gadon da nake so.

"Homeka?" in ji ta. "Wanga abin da ka ɓarewa kamar ɓawon albasa? Littattahan ga sun cika miki kai da iska, ɗiyar ga."

Na yi ta kuka har ta gaji. Ba a zuwa da yarinya sayen gadon aurenta, abin kunya ne, amma Gwaggo ba ta haihu ba, ni ce idonta. Ta ce in ɗauko mayafi in bi ta Wurno, da sharaɗin ba zan buɗe baki ba.

Rumfar kafintan tana ƙarƙashin wata darbejiya, kuma kafin mu gan ta mun ji ta. Zarto yana tafiya yana dawowa a hankali kamar numfashin mai barci, guduma tana amsawa jefi-jefi, ƙasa duk ta rufe da murɗaɗɗun ɓawon katako masu laushi a tafin ƙafa. Ƙamshin wurin har yau ban sami abin kwatanta shi ba, ɗaci-ɗaci, ɗumi-ɗumi. Gadon da nake mafarki yana nan a gaba, fari tas, da madubinsa. Na tsaya na ga fuskata a ciki, da mayafina da kwallina. Gwaggo ta sa farcen babban yatsa a kusurwarsa ta ɗan ɗaga, fatar ta biyo ta. Ta mayar, ta danne, ta wuce.

Can ciki ta tsaya a gaban wani gado, ja mai duhu, mai dogayen ƙafafu, babu ado a jikinsa sai wani zane kamar yaɗon duma a allon kai. Ta danna farce, bai shiga ba. Ta kama gefe ɗaya ta ɗaga, ta sauke da nishi. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, wai nan ne kafintoci suke ɓoye farin katako su shafa masa jan fenti. Ta hau ta zauna ta girgiza jiki da duk nauyinta, gadon bai ce komai ba. Sannan ta ciro 'yar wuƙarta ta kankari cikin ƙafar, ta sa a harshe.

"Haba Inna," in ji kafintan, wani gajere mai fensir a kunne, "saye kinka zo yi ko ci? In yunwa ta, in aika a kawo miki hura."

"Rihe min baki. An taɓa saida min gawo da sunan madaci." Ta tofar, ta yamutsa fuska, ta dube ni. "Da ɗaci. Madaci na. Gara ba ta son wanga."

Kafintan ya ga ciniki ya kama, sai ya shiga yabon aikinsa. Ya ce mu duba da kyau, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Huda wannan ya yi, ya fiƙe wancan, ya cusa da gam, ya kulle da 'yan turakun itace. "Wanga ba shi kwancewa," in ji shi yana dukan ƙirji. "Ko jikokinta ba su raba shi." Mu duka yabo muka ji. Gwaggo ta zo da karan dawa biyu da ta auna tsawon ɗakin ango da faɗinsa, ta ɗora su a kan gadon, aka ga zai zauna har da saura. Ba wanda ya tuna da ƙofa. Ba sakarci ba ne. Gadajen da muka sani a ƙauye na kara ne, da ake ɗaurawa a cikin ɗaki, ko na ƙarfe, da ake zarewa sanda-sanda a shiga da shi a hammata. Ba mu taɓa ganin gadon da zai tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga ba. Aka ɗaure shi a saman a-kori-kura zuwa Goronyo, daga nan amalanken shanu ya ƙarasa da shi. Ni kuwa har muka iso fuskata tana cikin mayafi, ina kukan madubi.

Ranar jere ina lulluɓe a ɗakin mahaifiyata da lalle a hannu, ban gani da idona ba, amma an ba ni labarin har ya zama kamar ina tsaye a wurin. Ƙofar ɗakin ƙasa ta lokacin sai an sunkuya, faɗinta na mutum ɗaya da tulunsa. Mata suka kira maza, aka gwada shi a tsaye, aka gwada a karkace, aka sa ƙafafu gaba, aka juyo da kai. Gado ya ce bai san zancen ba. Kakar ango, wata tsohuwa mai bakin tsiya da taba a leɓe, ta jawo kujera ta zauna kallo.

"Ku aje shi tsakar gida mana," ta ce, "amarya ta kwana da awaki. Su ma sun jima ba su ga gado ba."

"Gadonmu ba shi da laihi," in ji Gwaggo. "Ku kunka gina akurkin kaji kunka ce ɗaki na."

Wani ya ce a kawo zarto a rage ƙafafun. Gwaggo ta hau gadon ta miƙe ƙafa a tsakar gidan surukai, ta ce duk mai zarto ya fara da ita. Ana cikin haka ango ya dawo daga fadama da laka a ƙafa. Bai kamata ma a gan shi a gidan ba ranar. Ya dubi gadon, ya dubi ƙofar da ya gina da hannunsa, ya je ya ɗauko diga. Ya sare gefen ƙofar, ya zare itacen da ke samanta, gado ya shige, sannan shi da abokansa suka kwaɓa ƙasa suka mayar da ƙofar yadda take kafin rana ta faɗi. Da aka kawo ni ginin bai bushe ba. Na dafa gefen ƙofa zan shiga, yatsuna suka nutse. Ɗakin da na haddace a littafi turare yake yi, nawa jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi da ɗacin madaci. Tsohuwar nan ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Tau, wagga dai ba ta yaji. Randa ta tashi hita sai an kira magina."

Maganarta tana da tushe. A wurinmu kayan ɗaki na mace ne, in aure ya mutu abin da unguwa take fara gani shi ne gado a bayan jaki. Nawa ba shi da hanyar fita. Maigidana ya riƙe wannan ya yi ta tsokanata da shi har muka yi furfura. In mun saɓa, na ɗaure fuska na fara ƙulle zannuwa, sai ya zauna a bakin gadon ya ce, "Ɗiyar Gwaggo, ki dai bari in gama cirar albasa, yanzu ba ni da lokacin rushe gida." Sai dariya ta ƙwace mini, in kwance ƙullin.

Tun da ba ya fita, sai na koyi kula da shi a inda yake. Gwaggo ta bar mini dokoki kafin ta koma Goronyo. Ruwa ba ya taɓa shi, ko na alwala, ko gindin kwanon sha. Ƙafafunsa ba sa taka ƙasa, kowace tana kan falalen dutse, an zagaye dutsen da toka. Tsakaninsa da bango a bar faɗin tafin hannu, don ta bango gara take hawowa. Ranar Juma'a da safe, bayan na share tsakar gida, turame suna amsa juna daga gida zuwa gida, sai in shiga ƙarƙashinsa ruf da ciki da tsintsiya da tocila, in bi kowace kusurwa ina neman siririn ginin gara. In fito in ɗauko man kaɗe da na ajiye a rana ya narke, in ɗiga masa kananzir kaɗan, in goge gadon da tsohon zani, ina bin tsawon itacen ba a gicciye ba, har tafin hannuna ya yi zafi. Maƙwabtana suna fitar da nasu rana su sheƙa musu tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo. Ni da gashin kaza nake bin gaɓoɓinsa da kananzir, in shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ƙarƙashin katifa. Da damina yakan sha danshi ya yi shiru, da bazara ya saki jiki, in an juya ya amsa da wata 'yar ƙara guda ɗaya. Da wannan ƙarar nake gane maigida ya tashi sallar asuba. Shekara tana bin shekara yana ƙara duhu, daga ja ya koma ruwan dabino, har allon kan ya fara nuna inuwar fuskata in rana ta shigo ta ƙofa. Ba madubi ba ne, ba a ganin ido balle kwalli, amma ana gane mace ce.

Yaran yanzu ba su san wannan aikin ba, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da aka yi don ya kai bikin sunan fari ba ya buƙatar man kaɗe. In ya lalace a jefar, a sake nuna wani hoton. Mu abin da aka saya mana, sau ɗaya ake saye. Ɗana na fari, wanda har yau ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, a gefen gadon nan ya gwada haƙoransa, shaidar tana nan. A ƙarƙashinsa ƙannensa suke ɓuya in sun yi ɓarna. In ruwa ya hana fita gona, nakan zaro littafi daga ƙarƙashin katifa in karanta wa maigida, shi yana kwance yana kallon rufi. Sai ya bari na kai inda saurayi yake kuka a ƙofar gidan su budurwa, sannan ya ce, "Shi wanga yaro ba shi da gona?" Ban taɓa ƙarasa masa ko ɗaya ba.

A kan gadon ya rasu, bayan 'yar jinya, aka fitar da shi ta ƙofar da ya gina sau biyu. Na yi takaba, na ci gaba da shafa man kaɗe ranar Juma'a. Daga nan labarin mutanen daji ya fara zuwa, da farko daga nesa, kamar labarin wata ƙasa. Sai aka kore shanun wane. Sai aka ɗauki wane a gona. Sai ƙauyen da muke jin kiran sallarsu ya wayi gari ba kowa. Ɗana, wanda ya riga ya koma Rabah yana ɗinki, ya zo da babura wata safiya ya ce in ɗauki abin da zai zauna a cinya. Na ɗauki zannuwa da tasbahar maigida. Na rufe gadon da tabarma, na ja ƙofa, na sa kwaɗo. Ban yi kuka ba. Tun ranar kamar wani abu ya daskare mini a ƙirji, abinci ba ɗanɗano, labarin mutuwa da na haihuwa duk ɗaya nake jin su. Gadon kaɗai ne in na tuna nake jin wani abu ya ɗan motsa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Ina tambaya, ɗana yana cewa hanya ba kyau. Matarsa, yarinyar kirki, ta ce a yi mini sabo a bakin layi, na ce ta bari. Matan gidan da muke haya duk sun san labarin gadon, har sun fara ce mini Inna mai madaci. Sai bana, da aka ce an ɗan samu sauƙi, ɗana ya shigo ya ce ya samu direban da zai je ɗauko albasa Goronyo, ya yarda ya fara ratsawa ta ƙauyenmu, amma kafin la'asar dole mu kasance a kan kwalta. Ya ari diga, ya sayi igiya, ya ɗauki wani abokinsa ƙaƙƙarfa. Ya ce in zauna a gida. Na riga shi shiga mota.

Mun bi ta Wurno. Na nemi darbejiyar kafintan da ido, shagon cajin waya na gani a wurin. Bayan Shinaka hanya ta yi shiru, gonaki sun cika da ciyawa, direba ya kashe rediyo. Gabas ta yi baƙi, hadarin farko yana haɗuwa. Ƙauyenmu rabi a kulle, rabi ba rufi. Amma a gidana hayaƙi yake tashi.

An cire kwaɗon. A tsakar gida wani tsoho da ban sani ba yana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwa. Da ya gan mu ya miƙe da ƙyar, ya fara gaisuwa yana haɗawa da ban haƙuri. Ya ce daga can cikin daji suke, an ƙone garinsu, ƙanen mai unguwa ne ya buɗe musu nan, don shi kaɗai ne ɗakin da rufinsa bai zuba ba. Shi da matar ɗansa ne. Ɗan an tafi da shi tun kaka, ba labari.

Na sunkuya na shiga. Gadon yana nan. Ƙafafunsa a kan duwatsunsu, tokar ta baje, an tura shi ya manne da bango. A saman allon kai akwai farin zagaye inda ake ajiye kwanon kunu. Wata yarinya ce zaune a kansa, ba ta kai autata ba, da jariri a cinya wanda cibiyarsa ba ta faɗi ba. Na tsaya ina jiran abin da zai taso mini, murna ko fushi. Na daɗe ina jira. Katako na gani, mai duhu, da mutum biyu a kai.

Ɗana ya leƙo da diga a kafaɗa, ya dubi ƙofar, ya dubi sama. "Inna, in munka hwasa nan ba mu da lokacin maidawa. Kuma garin ga babu sauran magini."

Daga waje direba ya danna hon. "Hajiya, ku yi ma Allah! Ni ba ni kwana nan, ko da gadon zinari na!"

Ba wanda ya ce wa yarinyar komai. Ita da kanta ta sauko, a hankali, tana dafa gefe yadda mai jego take yi. Ta shimfiɗa zani a ƙasa ta kwantar da jaririn, ta fara naɗe tsummokaransu daga kan katifa, tana karkaɗewa, tana share wurin da tafin hannu.

"Sannu Inna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ku yi hanƙuri. Na san na mutane na. Ban bari yaro ya jiƙa shi ba, leda nika sa mashi."

Tsohon daga bakin ƙofa ya ce in an fasa ba komai, zai kare wurin da zana. Na dubi ƙofar. Na san abin da ruwan farko yake yi wa ɗakin ƙasa da aka buɗe wa baki: ta nan zai fara ci, kafin tsakiyar damina rufin ya zauna. Iska ta taso ta shigo da ƙamshin ruwa.

"Inna," in ji ɗana, "mi kinka ce? Ke mu ka saurare."

Ba zan ce tausayi ba ne, don ban ji shi ba. Da a littafi ne, da na rungume ta mun yi kuka, da an cika shafi guda da hawayenmu. Ni gajiya na ji, da kuma cewa ba na son in ga diga ta sake taɓa ƙofar nan a hannun wani. Na ce wa ɗana ya ajiye digar. Na sa shi da abokinsa suka ɗan janye gadon daga jikin bango. Na ce wa yarinyar ta koma ta hau, ƙasa ba ta mai jego ba ce. Ta tsaya tana kallona da tsummokara a hannu.

"Hau mana," na ce. "Sai dai ki bar aza kwano bisa kanshi."

Ta ce to. Ta tambaye ni yaushe za mu dawo ɗauka, na ce ban sani ba. Har na fito ban sa hannu a jikin gadon ba, sai a mota na lura.

A Goronyo direba ya cika bayan motar da buhunan albasa, ya ɗaure su da igiyarmu. Ruwa ya same mu a kan kwalta. Da muka kusa Rabah ɗana ya ce in Allah ya hore masa zai sa a yi mini na itacen gaske. Na ce Allah ya yi albarka.

Motar ta sauke mu a ƙofar gida, muka ishe matan gidan a zaure, sun fito ganin gadon da suka sha labari. Suka dubi buhunan albasa, suka dubi juna, kowa ta tuna tana da tukunya a wuta. Na shiga ɗakina na ga ya canza. Ashe tun da muka tafi matar ɗana take aiki. Ta kwashe buhunan hatsi da bokitan da suka cinye rabin ɗakin ta kai baranda, ta share, ta wanke siminti, har ta kunna turaren wuta. Wurin yana nan fili, fes, daidai tsawon gado. Ta tsaya a bayana da tsintsiya a hannu. Can ta ce ruwa yana feso wa buhunan a waje.

"Inna, in maido su?"

Na ce ta maido su. Na riƙe mata ƙofa.